Teleskof mai madubi: wacce zan ɗauka cikin ukun nan?

Sabon_Shiga

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu sani ku taimaka min, ina son sayen teleskof ta kallon taurari irin mai madubi a ciki, na ga guda uku sai kaina ya ɗaure. Ta farko an rubuta 114/1000 a jikin kwalinta, gajeriya ce tana kan ƙafa uku da wani ƙarfe mai nauyi a rataye, kuma wai tana zum sama da sau 500. Ta biyu 130/650 ce, 'yar ƙarama kan tebur ake ɗora ta. Ta uku ƙatuwa ce 200/1200 tana zaune cikin wani akwatin katako, ko kyan gani babu. Ni dai zuciyata ta fi kwantawa da ta farkon saboda zum ɗin, kuma da ganinta ka ga kayan masana. Abin da nake son gani ramukan wata ne da zoben Zuhal, in da hali ma in riƙa ɗaukar hoto da waya. Ban taɓa riƙe ko ɗaya ba.

Malam_Falaki

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Waccan da zuciyarka ta kwanta da ita, ita ce wadda za ka fara cirewa daga lissafi.

Lambar farko faɗin babban madubin ne da milimita, ta biyu kuma nisan da haske yake yi daga madubin kafin ya tattaru wuri ɗaya, shi ake ce wa tsawon fokas. Aikin teleskof tara haske ne, kuma faɗin madubi shi ke tara shi, madubi mai faɗin 200 yana tara ninki huɗu na abin da mai 100 zai tara, ba ninki biyu ba. Shi kuwa zum ba a jikin teleskof yake ba, a jikin ɗan gilashin idon da kake sakawa ka leƙa yake. Ka raba tsawon fokas da lambar da ke jikin gilashin shi kenan: 1200 a raba 25 ya ba ka sau 48, a raba 10 ya ba ka sau 120. To amma yana da iyaka, a ƙiyasi faɗin madubi sau biyu, kenan ita 114 ɗin nan iya ƙoƙarinta wajen sau 230 ne, duk abin da ya haura nan hoton girma kawai zai yi ya dusashe ka rasa me kake kallo. Kuma ko da babbar teleskof gare ka, rawar da iska take yi a sama ba kasafai take barinka ka wuce sau 200 ba. Sau 500 ɗin nan don mai saye aka rubuta shi.

Akwai kuma abin da ya fi wannan. Ka ce gajeriya ce amma an rubuta 1000. A tsarin da Isaac Newton ya ƙera a 1668, wanda har yau shi ake bi, haske yana shiga ta bakin bututu ya sauka kan babban madubi a ƙasa, ya dawo sama ya tarar da ƙaramin madubi a karkace, shi kuma ya turo shi gefe inda idonka yake. Kenan in fokas 1000 ne dole bututun ya kusa mita ɗaya. In ka ga bai fi rabin haka ba to an cusa wani gilashi ne a cikin wurin leƙawar don ya ƙara tsawon, irin tsarin da ake kira Bird-Jones, ana haɗa shi da madubi mai kwarmin ƙwallo saboda ya fi arha wajen ƙerawa. Shi irin wannan madubin hasken da ya faɗa gefensa da wanda ya faɗa tsakiyarsa ba sa haɗuwa wuri guda, sai ka yi ta murɗa fokas hoton ya ƙi tsayawa tsaf. In bututun dogo ne kamar 114/900 matsalar ba ta cika fitowa ba, amma a gajere dole sai madubin farabola, wato mai irin kwarmin da ke haɗa duk hasken wuri guda. Ka duba a bayanin kaya ko an rubuta haka, in sun yi shiru a kai to ka san dalili. Araha ba ta ado.

Shi kuma akwatin katakon da ka raina, John Dobson ne ya yaɗa shi daga San Faransisko tun shekarun 1960, manufarsa kuɗin ya tafi a madubi ba a ƙarafa ba. Ka tura sama da ƙasa, ka tura dama da hagu, inda ka saki nan za ta tsaya. Mai ƙafa ukun nan kuwa sai ka saita ta da kusurwar da duniya take juyawa a kai kafin ta yi maka amfani, kuma masu arhar ko taɓa fokas ka yi sai komai ya hau rawa ka tsaya jira ya lafa. Ni 200/1200 zan ce ka ɗauka in aljihu zai kai.

Zara_Matar_Wata

Malam ya faɗi gaskiya kan ta farkon, amma ni ban yarda a tura sabon shiga ga 200 kai tsaye ba. Ƙanena ka tambayi nauyinta tukuna, bututu da akwati in an haɗa sun kai kilo 20 ko fiye, tsawon bututun kaɗai ya wuce mita ɗaya, in a bene kake ko kuma sai ka yi nisa da fitilu kafin ka samu duhu to ranar da ka gaji ba za ka fito da ita ba. Tawa 130/650 ce kuma da hannu ɗaya nake ɗaukarta. Na san 200 tana tara haske fiye da ninki biyun tawa, ban musa ba, amma da tawa ina ganin watanni huɗun Jupita da Galileo ya gani a 1610 da ratsi biyun da ke jikin Jupitan, Zara kuma ka gan ta rabi ko lauje kamar ƙaramin wata, Kaza da 'Ya'yanta kuwa a sau 26 duk suna shiga ido lokaci ɗaya abin sai wanda ya gani. Matsalarta ɗaya, tana son tebur ko kujera mai ƙarfi wadda ba ta girgiɗi.

Sannan ka rage buri don kar ranka ya ɓaci. Zuhal ɗan mitsitsi za ka gan shi, amma zoben yana fita rangaɗau. A 2025 zoben ya juyo mana da gefensa har ya kusa ɓacewa, hakan na faruwa kusan duk shekara 15, daga nan kuma ya ci gaba da buɗewa a hankali. Su gajimaren sama irin na Oriyon da tarin taurarin Andromeda toka-toka za ka gan su, launukan da kake gani a hotunan intanet kyamara ce ta daɗe tana tara haske, ido ba ya iya haka.

Injiniya_Sukuru

Abin da ba a faɗa maka ba yallaɓai: duk teleskof mai madubi tana son saiti lokaci-lokaci, madubai biyun su kalli juna daidai. Mutane na tsoron abin alhali sukuru uku ne a bayan babban madubin, da ɗan murfi mai huda a tsakiya kake leƙawa kana murɗawa har ɗigon da ke tsakiyar madubin ya zo tsakiya. Gajeru irin ta Hajiya sun fi saurin nuna kuskuren saiti, dogaye sun fi haƙuri, shi ya sa ni nake ganin 150/1200 ita ce ta raba gardamarsu ita da Malam.

Ka duba gilasan idon da aka haɗo da su. In ka ga H20 ko SR4 a jiki to tarkace ne, ka nemi irin gilashin idon da ake kira Plössl, kuma ramin da ake saka su ya zama inci 1.25 ba tsohon 0.965 ba don shi samun nasa wahala ne.

Maganar hoto, wata zai ɗauku da waya lafiya lau. Abubuwa masu dishi-dishi kuwa ba za su yiwu a kan akwatin Dobson ba, sama tana juyawa digiri 15 duk awa, a sau 120 ma abin da kake kallo bai kai minti biyu zai ratsa ya fice sai ka sake turawa. Wannan wani fanni ne daban da kayansa daban.

Rana kuma KAR ka kuskura ka juya ta wajenta, ko na ƙiftawar ido, makanta ce ba magani. Tacen rana na gaskiya a bakin bututu ake sa shi ya rufe shi gaba ɗaya, wanda ake ɗaurawa a gilashin ido zafi na iya fasa shi idonka na kai. In akwai yara a gida kar a bar ta a waje da rana ba murfi.

Sabon_Shiga

Kai Allah ya saka muku da alheri, na fasa waccan. To yanzu na samu wani zai sayar da tasa 150/1200 ta hannu mai akwatin katako, sai dai na haska fitila ciki na ga ƙura a madubin, kuma da na leƙa wata bishiya sai na gan ta kai a ƙasa. Ba lalacewa ta yi ba kuwa?

Malam_Falaki

Lafiyarta lau, haka duk suke juya hoto, a sama babu wanda ya damu da ina ne kai ina ne ƙafa. Ƙura ma ba komai ba ce, ko sabon madubi ka haska wa fitila sai ya ba ka tsoro. Kar dai ka sa tsumma ka goge, rufin alminiyon a saman gilashin yake, nan da nan zai karce. Abin da za ka duba ko rufin ya fara ɓarewa ko ya yi tabo baƙi-baƙi, ko madubin ya ɓantare a gefe, sannan ka murɗa fokas ka ji ba ya girgiɗi, ka tura bututun ka saki ka ga bai zame ƙasa da kansa ba.

In mai ita zai yarda ku gwada da dare ya fi. Ku fito da ita ta sha iska kamar rabin awa madubin ya huce, in ba haka ba hoton zai yi ta rawa ka ɗora mata laifin da ba nata ba. Sai ka kama tauraro mai haske ka sa shi a tsakiya da gilashin 10, ka ɗan kauce daga fokas kaɗan, za ka ga ya buɗe ya zama zobba da baƙin ɗigo a ciki. In ɗigon ya karkata gefe ɗaya saiti ne kawai, Injiniya ya riga ya gaya maka yadda ake yi. In kuwa zobban sun fito da kusurwa uku to maƙallan da ke riƙe da madubin ne aka ɗaure da ƙarfi, a ɗan sassauta su a sake dubawa kafin ka ba shi kuɗinsa.