Neman shawara: na ɗauko bakin akwati zuwa zanen murfi, yanzu murfin ya ƙi bin akwatin

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koyon Fusion 360, manhajar zana kayayyaki a siffar 3D, ina zana ƙaramin akwatin da za a saka allon lantarki a ciki, tsawo milimita 80, faɗi 50. Da na zo kan murfi sai na buɗe sabon zane a saman akwatin, na danna P (maɓallin Project, mai ɗauko layukan jikin abu zuwa cikin zane), na zaɓi layukan bakin da ramukan sukuru huɗu, suka fito da launin shunayya. Murfi ya hau daidai. Jiya na koma baya na goge lanƙwasar da na yi wa kusurwoyin, na kuma mayar da faɗin 56. Yanzu zanen murfin ya yi rawaya a jerin ayyukan da ke ƙasa, ramukan sun matsa, amma kusurwoyin suna nan inda suke tun farko. Na biyu: akwai ramin waya mai faɗin milimita 6 a gefen da ya karkace, da na ɗauko shi sai ya fito kamar ƙwai. A ina na kuskure?

Wani injiniya a zauren:
Wa alaikumus salam ƙanina. Abin da P ke kawo maka inuwa ce, kuma kowace inuwa a ɗaure take da layin da ya haife ta. Ramukan suna raye, shi ya sa suka bi sabon faɗin. Lanƙwasar kusurwa kuwa ka goge ta, wato ka kashe mai inuwar, sai manhajar ta riƙe tsohon hoton a inda ta bar shi, ta kunna maka rawaya. Shiga zanen, goge waɗannan marayun layukan, ka sake ɗauko bakin. Minti biyu ne. Amma gobe ma haka za ta faru idan ba ka sauya tsari ba. Ni ƙa'idata: lanƙwasa kusurwa da goge kaifi su ne aikin ƙarshe, bayan an gama duk wani zanen da ya dogara da jikin. In da hali ma kada ka ɗauko daga bakin jikin, ka ɗauko daga zanen farko da ka gina akwatin da shi. Wannan layin ba ya mutuwa don ka taɓa kusurwa.

Wata mai amfani da manhajar SolidWorks:
Maganar ƙwai ba matsala ba ce, lissafi ne. Inuwar tana sauka ne a tsaye kan shimfiɗar zanenka. Idan gefen ya karkace da digiri 60, da'irar milimita 6 za ta fito 6 ta wani ɓangaren, 3 ta ɗayan. Layin da yake tsaye cak a kan shimfiɗar ma ɗigo kawai zai zama. In da'ira sak kake so, buɗe zanen a kan karkataccen gefen kansa. Mu a wajenmu Convert Entities ake kiran abin, a manhajar Onshape kuma Use, halinsu ɗaya.

Wani:
Malam ka cire alamar Projection Link (mai ɗaure inuwa da layin asali) kawai kafin ka danna OK, ka huta da rawaya.

Injiniyan ya sake cewa:
A'a, ban goyi bayan wannan ba a nan. Rawayar za ta tafi, gaskiya ne, amma ranar da ya ƙara faɗin akwatin murfin ba zai motsa ba, kuma babu abin da zai gargaɗe shi. Sai ya buga a firintar 3D ya ga sukuru bai shiga rami ba. Gara gargaɗin da ke damunka da shirun da ke cinye maka roba. Yanke alaƙa yana da amfani idan siffar kawai kake son ara, kamar daga samfurin da wani ya turo maka.

Wani dattijo mai amfani da manhajar FreeCAD:
Ku gode wa Allah. Mu mun daɗe muna fama da wannan, domin manhajar lambobi take ba wa layuka, ka ƙara rami ɗaya lambobin su sauya, zanenka ya kama wani layin daban. Sai a sigar 1.0 da ta fito a 2024 aka rage ciwon sosai. Abin da ya koya mini shi ne ƙarancin ɗauka. Yaro, me murfinka ke buƙata? Tsakiyar ramuka huɗu da layin waje. To su kaɗai za ka ɗauko, kada ka zaɓi fuskar gaba ɗaya ta kwaso maka tarkace. Leɓen da zai shiga cikin akwatin kuma ka ja shi ciki kaɗan, ni milimita 0.2 nake bari, in ba haka ba sai da guduma.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na sake ɗauko layukan daga zanen farko, na sake yin lanƙwasar a ƙarshen jerin. Na gwada faɗi 60, na dawo 50, murfin yana bi. Ramin wayar ma ya zama da'ira. Baba, 0.2 ɗin nan a kowane gefe ne, ko duka biyun a haɗe?