Me ya sa wasu 'yan luwaɗi a ƙasashen Yamma suke adawa da auren jinsi?

Bakatsine:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. A lokacin da ƙasar Ireland ta gudanar da ƙuri'ar raba gardama kan auren jinsi a watan Mayun 2015, wadda kusan kashi 62 cikin ɗari na masu zaɓe suka amince da shi, an sami mutanen da suka fito fili suka ce su 'yan luwaɗi ne, amma kuma suka shiga sahun masu kira da a kaɗa ƙuri'ar a'a. Wannan ya ɗaure mini kai. Ba hukuncin al'amarin nake tambaya ba, domin matsayin addininmu da na dokar da Najeriya ta kafa a 2014 sananne ne ga kowa. Abin da nake son in fahimta shi ne hujjar mutumin da ake cewa dominsa aka yi doka, shi kuwa ya ce ba ya so.

Mazaunin Lyon:

Wa alaikumus salam, Malam Bakatsine. Irin haka ya faru a nan Faransa kafin a zartar da dokar a 2013, zamanin Shugaba François Hollande, lokacin da Christiane Taubira take ministar shari'a. Cikin waɗanda suka yi jawabi a manyan zanga-zangar adawa da aka yi a Paris akwai wani matashi ɗan luwaɗi mai suna Xavier Bongibault, kuma hujjar irinsu ba ta tsaya a kan zaman mutum biyu ba, ta tsaya ne a kan 'ya'ya. Tun 1999 Faransa tana da wata yarjejeniyar zaman tare da ake kira PACS, wadda ta tsara batun haraji da wasu haƙƙoƙi tsakanin mutum biyu ko da jinsinsu ɗaya ne. Abin da aure ya ƙara a kai shi ne damar ɗaukar yaro riƙo a hukumance da sunan su biyun, har a rubuta shi a matsayin ɗansu. Su kuwa suna ganin cewa nasaba haƙƙin yaro ce, kuma bai kamata hukuma ta rubuta masa uba biyu ko uwa biyu ta shafe ɗaya ɓangaren ba. Irin wannan hujja Keith Mills, wanda shi ma ɗan luwaɗi ne, ya kafa a Ireland, inda ya ce yarjejeniyar zaman tare da ƙasar ta riga ta tanada ta wadatar. Masu tsara tufafin nan na Italiya, Dolce da Gabbana, waɗanda 'yan luwaɗi ne, su ma sun furta makamancin haka a 2015, har mawaƙin Birtaniya Elton John ya yi kira da a ƙaurace wa kayansu.

Ɗalibar Shari'a:

Malam na Lyon ya kawo ɓangare ɗaya, amma a ganina ɓangaren da ya fi tsufa, ya kuma fi yawan rubuce-rubuce, shi ne na waɗanda suke ƙyamar auren kansa. Ƙungiyoyin da suka taso bayan tarzomar Stonewall ta 1969 a New York, inda 'yan luwaɗi suka yi arangama da 'yan sanda, ba neman shiga aure suka fito yi ba. Da yawansu, musamman mata masu fafutukar 'yancin mata, suna kallon auren Turawa a matsayin tsarin da ya daɗe yana danne mace a ƙarƙashin miji ta fuskar dukiya da shari'a. A 1989 wasu lauyoyi biyu na ƙungiyar Lambda Legal mai kare 'yan luwaɗi a kotu, wato Paula Ettelbrick da Tom Stoddard, suka yi muhawara a rubuce, shi yana cewa a nemi aure, ita kuma tana cewa aure zai sa su narke cikin tsarin da suka tashi ƙalubalanta. Abin lura shi ne a wannan shekarar marubuci Andrew Sullivan, wanda ɗan ra'ayin riƙau ne, ya rubuta goyon bayansa ga auren jinsi da hujjar cewa zai kawo natsuwa da kamun kai, kuma wannan hujjar tasa ita ce ainihin abin da su Ettelbrick suke gudu.

Akwai kuma batun abin duniya, wanda sai an san tsarin Amurka ake gane nauyinsa. A can inshorar lafiya ta mutane da yawa tana zuwa ne ta wurin aiki ko ta wurin miji ko mata, kuma wani ofishin bincike na majalisar dokokin ƙasar ya ƙidaya wurare 1,138 a dokokin tarayya inda aure yake shafar haƙƙi ko alfarma. Masu goyon baya suka ce wannan ya nuna girman abin da aka hana su. Masu suka, irin ƙungiyar Against Equality da aka kafa a 2009, suka ce tambayar da ta dace ita ce me ya sa sai mutum ya yi aure kafin ya sami magani, alhali gwauro da tsohuwar da take zaune da ƙanwarta su ma suna rashin lafiya. Sun kuma yi ƙorafin cewa an zuba miliyoyin daloli a yaƙin neman aure, kamar wanda aka yi a California a 2008, aka bar matasan da suke kwana a titi da ma'aikatan da ake kora. Kotun Ƙolin Amurka ta halatta auren a 2015, amma sai a 2020 ta yanke cewa dokar tarayya ta hana korar ma'aikaci saboda kasancewarsa ɗan luwaɗi.

Tsohon Malami:

Ina da ƙari da kuma jan hankali. Ƙarin shi ne masu riƙo da addini, kamar mabiya ƙungiyar Courage ta ɗariƙar Katolika da aka kafa a New York a 1980, waɗanda suke yarda cewa suna jin sha'awar jinsinsu, amma suka zaɓi kame kai domin koyarwar cocinsu ita ce aure na namiji da mace ne. Jan hankalin kuwa, 'yata Ɗalibar Shari'a, shi ne kada a ɗauka waɗannan mutane suna da yawa, domin binciken da cibiyar Pew mai nazarin ra'ayin jama'a ta yi a Amurka a 2013 ya nuna fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu wannan hali suna goyon bayan halatta auren. Yawancin waɗanda kika ambata ma sukar fifita aure suka yi, ba su haɗa kai da masu neman haramta shi ba.

Ɗalibar Shari'a:

Haka ne, Baba, sai dai wani abu da suka yi hasashe ya tabbata. Bayan hukuncin 2015 wasu kamfanonin Amurka sun janye inshorar da suke bai wa abokan zaman da ba su yi aure ba, suka ce tunda ƙofa ta buɗe sai a je a ɗaura. Ireland ma ta daina yin rajistar sabuwar yarjejeniyar zaman tare a ƙarshen 2015. Ingila ce ta bi wata hanyar: wani namiji da mace da ba sa son aure suka kai ƙara har Kotun Ƙoli suka yi nasara a 2018, kuma daga ƙarshen 2019 aka buɗe yarjejeniyar zaman tare ga kowa.