Me za mu kira akwatin da ake gasa fenti a cikinsa?

Mai walda: Assalamu alaikum. Ina rubuta wa yaran da nake koya wa aiki bayanin wani akwatin zafi da na haɗa da hannuna, sai kalmomi suka tsaya mini. Firam ne na ƙarfe, fallen ƙarfe ciki da waje, a tsakani na cusa audugar dutse don kada zafi ya tsere. Sandunan hita na tsohon obin na lantarki na sa masa, da fanka mai juya iska, da ma'aunin da ke kashe wuta yana kunnawa da kansa. A ciki nake rataye wili da murfin inji da firam ɗin babur bayan na fesa musu fentin nan mai kama da hoda. Turawa na kiran abin da ke faruwa a ciki "curing". Ni na rubuta "akwatin busar da fenti", amma raina bai kwanta ba.

Tsohon mai fenti: Wa alaikumus salam. Ɗana, gara da ranka bai kwanta ba. Cire busarwa gaba ɗaya. Abin da ke da ruwa shi ke bushewa: fentin da aka sirka da tina, tinar ta bi iska, launi ya zauna. Wannan kuwa a bushe ya fito daga bindigar feshi, cajin lantarki ne kaɗai ya riƙe shi a jikin ƙarfe, ko da yatsa ka shafa zai zube. Cikin zafi, wajen digiri 180 zuwa 200 a ma'aunin Salshiyas, sai ya narke ya malale ya yi sheƙi, daga nan sinadaransa su sarƙe da juna su zama abu guda wanda zafi ba ya sake narkar da shi. Ranar da ka ce wa yaro busarwa ake yi, zai leƙa ya ga sheƙi, ya ce ai ya bushe, ya fitar. Ga ido aikin ya yi kyau, amma tsakuwar farko da ta doki wilin a hanya za ta ɓantare shi.

Mai walda: Gaskiya ne Baba, ya taɓa faruwa da ni a kan wili mai kauri. Minti 15 na ƙirga tun daga rufe ƙofa, ashe ƙirgen ba ya farawa sai ƙarfen kansa ya kai zafin, ba iskar akwatin ba. Da na goga tsumma mai tina sai launi ya biyo shi. To ƙonawa fa?

Tsohon mai fenti: A'a. Ƙonewa sunan ɓarna ce, kuma tana da ranarta: idan zafi ya wuce kima farin fenti kan koma ɗorawa-ɗorawa. Bar mana kalmar don wannan.

Malamar Hausa: Malam, ina ganin magina sun riga sun yi mana aikin. Tukunyar yumɓu kan bushe tukuna, sannan a gasa ta, kuma kowane Bahaushe ya san busasshiya daban, gasasshiya daban. Ba banza aka ce ɗanyen kasko ba ya kai ruwa ban ɗaki ba: kaskon ya bushe sarai, wuta ce bai sha ba. Bambancin da Baba ya zayyana ke nan daidai. Shawarata aikin a kira shi gashin fenti, wanda ya kammalu a ce ya nuna, wanda aka fitar da wuri a ce ɗanye ne.

Wani makaniki: Malama, gashi ya zauna mini. Ɗanye ne nake tsoro. A bakin masu aiki ɗanyen fenti shi ne wanda aka shafa yanzu, mai ɓata riga. Idan na ce wa abokin aiki wilin nan ɗanye ne, zai ɗauka kada ya taɓa ne kawai. Haka "nuna" a rubuce: wanda ya karanta "a nuna fentin" zai zaci a gwada wa mai mota launi ake nufi.

Malamar Hausa: Ka yi gaskiya a kan ɗanye, na janye. Hausa ta ba mu mafita a cikin kalmar kanta: an gasa, ya gasu, bai gasu ba. "Ya nuna" ina so a bar shi ga baki, inda murya ke raba shi da ɗan'uwansa.

Mai walda: Saura akwatin. Obin ne ko murhu?

Tsohon mai fenti: Murhu ya kawo harshen wuta a rai, kuma ƙurar wannan hoda tana kamawa da wuta idan ta tashi a iska, ba na son yaro ya haɗa su ko a tunani. Obin kuma zai ja hankali zuwa kicin. Na san da tsohon obin na lantarki mutane da yawa ke farawa don ƙananan kaya, amma wanda fenti ya shiga sau ɗaya bai kamata ya koma kicin ba har abada, don haka gara sunayen su rabu tun daga baki.

Malamar Hausa: Tanderu ke nan. Rufaffen wuri ne mai riƙe zafi, ƙarami ko babba, kuma ba sai an yi wa kowa fassara ba. Tanderun fenti. Shi fentin kuma a ce fentin hoda, domin "fentin gari" a rubuce za a karanta shi da ma'anar birni.

Mai walda: Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Layin farko na takardar yanzu ya koma haka: "Kafin ka sa kaya a tanderun fenti, cire roba da boris da duk abin da zafi zai lalata. Kada ka fara ƙirga lokacin gashi sai ƙarfen ya kai digirin da aka rubuta a jikin kwalin hodar."

Wani makaniki: Ƙara musu cewa kayan alminiyam na zubi a fara sa su a tanderu su kaɗai kafin feshi, don iskar da ke ɓoye a ƙofofin ƙarfen ta fita, in ba haka ba fentin zai yi ƙuraje. Wannan zagayen na farko ni ɗumame nake ce masa, ko da mai wata kalmar?