A Koya wa Ɗaliban Sakandare Harkar Bashi, ko a Bar Su Sai Sun Girma?

Malamin Lissafi:
Assalamu alaikum. A taron iyaye da malamai na makarantarmu na ba da shawarar a ware wa 'yan ajin ƙarshe awa ɗaya a mako domin a koya musu haƙƙin mai saye, da yadda bashi yake aiki, da yadda mutum zai tattala abin da ke hannunsa. Wani dattijo ya miƙe ya ce koya wa yaro bashi daidai yake da nuna masa ƙofar gidan mai ba da rance da ruwa, kuma iyaye da yawa suka mara masa baya. Abin da ya sa na kawo shawarar kuwa shi ne wani tsohon ɗalibina da ya zo gidana bayan sallar isha'i, jikinsa a sanyaye. Ya ranci naira 20,000 a wata manhajar waya bisa sharaɗin zai biya 24,000 bayan mako biyu, kuma a ganinsa dubu huɗu ba wani abu ba ne. Na miƙa masa takarda da biro muka buga tare: kashi 20 cikin ɗari a mako biyu, shekara kuma tana da irin wannan mako biyun sau 26, wato kashi 520 ke nan. Da ya makara da kwana uku, sai suka tura saƙo ga duk lambobin da ke wayarsa, har da kawunsa da limamin unguwarsu, cewa shi ɓarawo ne. Yaron nan ya ci lissafi a jarrabawar WAEC, amma ba wanda ya taɓa nuna masa cewa kason da yake bugawa a allo shi ne wanda zai hana shi barci.

Malamin Islamiyya:
Wa alaikumus salam. Malam, labarin yaron ya taɓa ni, amma ina ganin dattijon nan bai yi kuskure gaba ɗaya ba. Tambayata ita ce wa zai rubuta darasin, kuma da wace fuska. Mun saba ganin ma'aikatan banki suna shiga makarantu a watan Maris da sunan wayar da kai kan harkar kuɗi, sai a ƙare da rarraba takardun buɗe asusu. Idan aka koya wa yaro cewa kuɗin ruwa kaza ya yi yawa, kaza kuma ya yi daidai, an riga an cire masa ƙyamar riba daga zuciya, an mayar da haramun abin da ake tayawa. Wanda ya tashi da tsoron abu ya fi wanda ya iya lissafinsa tsira.

Tsohon Ma'aikacin Banki:
Allah ya gafarta Malam, tsoro kaɗai ba ya riƙe mutum ranar da mahaifiyarsa take kwance a asibiti ana neman kuɗin magani. Kuma akwai abubuwan da jahiltarsu ke cutar da mutum ko da bai taɓa cin sisin kwabon riba ba. Tun 2014 da aka shigo da lambar BVN ta tantance masu asusun banki, duk asusun mutum a kowane banki a ɗaure yake da sunansa guda. Dokar tattara bayanan masu cin bashi ta 2017 ta sa tarihin biyan mutum yana bin sa duk inda ya je neman rance. Tun watan Agusta na 2020 kuma, banki yana da ikon cire bashin da aka ƙi biya daga asusun da mutum yake da shi a wani bankin daban, muddin ya sa hannu a kan wannan sharaɗi lokacin karɓar rancen, kuma na ga da idona yadda mutane suke sa hannun ba tare da sun karanta ko layi ɗaya ba. Yara nawa ne suke ba wa abokai lambar BVN ɗinsu ko ta sirrin katinsu don kara? Haka zancen ajiya: da aka soke lasisin bankin Heritage a watan Yuni na 2024, a ranar ne mutane da dama suka fara jin cewa hukumar inshorar ajiyar banki ta NDIC tana biyan mai ajiya har naira miliyan 5. Wanda ya san wannan zai gane bambancin banki da harkokin zuba kuɗi na damfara irin su MMM da ta durƙushe a ƙarshen 2016, ko CBEX da ta tafi da kuɗin jama'a a 2025, inda babu wata hukuma da ta tsaya wa ajiyar kowa.

Malamin Islamiyya:
Alhaji, ban ce a bar yara cikin duhu ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, magana take yi kan rubuta bashi da kafa shaidu, kuma babin ciniki yana nan a littattafan fiƙihun da muke karantarwa a zaure. Abin da nake so shi ne a gina darasin a kan wannan, a nuna wa yara hanyoyin da babu ruwa a cikinsu, irin murabahar da bankunan Jaiz da TAJ suke yi, wato banki ya sayi kaya ya sayar wa mutum da ribar da aka amince a kanta.

Malamin Lissafi:
Na yarda da wannan, Allah ya gafarta Malam, sai dai ko a nan ma biro da takarda ba su da makawa. Idan mai shago ya ce waya naira 100,000 ce kuɗi hannu, ko 130,000 a biya cikin wata shida, ciniki ne da mafi yawan malamai suka halatta idan an tsayar da farashi ɗaya kafin a rabu, amma halaccinsa bai sa ya zama araha ba, kuma yaro yana da haƙƙin ya san abin da ya ɗora wa kansa.

Hajiya Mai Atamfa:
Ni nawa ƙorafin a ɓangaren haƙƙin mai saye yake. Shekarata goma sha takwas ina sayar da atamfa da leshi, kuma a ƙasan kowane rasidina an rubuta cewa ba a dawo da kaya bayan an saya. Kwanakin baya wata yarinya ta zo ta ce mini wannan rubutun ya saɓa wa doka, har tana ambatar hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC. Turmin da ta dawo da shi tela ya riga ya sa masa almakashi. Idan irin wannan za ku koya musu, to ku koya musu haƙƙin mai sayarwa ma, domin mu ma ba a bakin hanya muke tsintar jari ba.

Tsohon Ma'aikacin Banki:
Hajiya, yarinyar ta ɗauko rabin gaskiya ne. Dokar 2018 da ta kafa hukumar ta ba mai saye damar mayar da kayan da aka same su da aibi ko waɗanda ba su dace da abin da aka siffanta masa ba, kuma rubutu a ƙasan rasidi ba ya soke wannan dama. Amma wanda ya duba turmi lafiya lau, ya biya, ya kai wa tela, sannan ransa ya sauya, maganarsa daban ce. Malam zai gaya miki fiƙihu ma ya san mayar da kaya saboda aibi tun kafin a yi hukumar. Rabin sani irin na yarinyar nan, a ganina, hujja ce ga mai son a koyar da abin a tsanake.

Ɗalibar Jami'a:
Iyayena, ku yi mini izini in sa baki. Muhawarar nan ta zo wa tsararmu a makare, domin tun 2024 da asusun NELFUND ya fara ba da rancen karatu, abin da ɗan sakandare yake fara cin karo da shi idan ya shiga jami'ar gwamnati shi ne takardar neman bashi. Babu ruwa a cikinsa, ana biyan kuɗin makaranta kai tsaye, ana kuma ba ɗalibi naira 20,000 a wata. Amma a ɗakinmu akwai wadda take kiransa rabon gwamnati, ba ta san cewa za a fara cire kashi 10 na albashinta shekara biyu bayan hidimar ƙasa ba.

Baba Tsohon Hedimasta:
'Yata, kin faɗi gaskiya. Ni dai damuwata wanda zai tsaya gaban allo ne. Jadawali ya cika maƙil, kuma malamin da za a ba darasin, sau tari albashinsa yana shigowa ne an riga an zaftare rabinsa saboda rancen ƙaramin banki. Kada a ƙirƙiro sabon darasi da sabon littafi da sabuwar jarrabawa. Malam mai lissafi ya sauya misalan da yake bayarwa, Malam na Islamiyya ya zo da rasidi na gaske ranar da zai karantar da ciniki.

Hajiya Mai Atamfa:
Baba, idan haka ne a fara da adashi, tunda kowane yaro ya ga uwarsa tana zubi. Ni uwar adashi ce ta mata goma sha biyu, kuma a ƙarshen 2024, lokacin da hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari, wadda ta yi kwasar ƙarshe ba ta iya sayen injin markaɗen da wadda ta ɗauki farko ta saya da kuɗi iri ɗaya ba. Har yau tana ganin kamar ni na cuce ta. Malam, ka buga mini wannan a takarda yadda zan nuna mata ranar Juma'a, in ya so sai ka kai wa ɗalibanka.