Wai 'yan anime wankiya suke yi ko gaishe da magabata?

Ɗan Fagge: Jama'a jiya na kalli anime (katun ɗin Japan) ɗin nan Cowboy Bebop kashi na 11, wanda wani baƙin abu ke bin su a cikin jirgi yana cizon su ɗaya bayan ɗaya, wallahi ko minti biyar ba a yi ba na ce ai wannan fim ɗin Alien ne na 1979 aka ɗauko sukutum, har da bin lunguna da bindiga mai aman wuta. Raina ya sosu fa, ina ganin girman mutanen nan ashe su ma wankiya suke yi.

Maman Hanif: A'a ƙanena, mai wankiya fatansa kar a gane shi, Watanabe daraktan shirin kuwa so yake ka gane. Ka kai ƙarshe kuwa? Dodon da ya hana su sakat daga firji ya fito, abincin teku ne Spike jarumin shirin ya ɓoye don kar a ci masa ya manta da shi shekara guda. Wanda bai san Alien ba rabin daɗin kawai zai ji.

Malam Injiniya: Hajiya ta yi gaskiya, amma ni wanda ya fi taɓa ni na Evangelion ne, 1995. Sunan kashi na 26 daga labarin marubuci Harlan Ellison na 1968 darakta Hideaki Anno ya ɗauko shi, dabbar da ta yi ihun so a tsakiyar duniya. To so da Japananci "ai" ne, kuma haka ake furta "I", wato "ni" da Turanci, sai Anno ya rubuta kalmar da haruffan Japananci na katakana yadda za ta ɗauki ma'ana biyun, shi kuma jarumin, Shinji, tun farkon shirin ciwonsa kenan, ya tsani kansa yana neman mai son sa. Ranar da na gano wannan sai da na tashi na zaga ɗaki. Kalmar Instrumentality ta cikin shirin ma daga littattafan Cordwainer Smith take.

Ɗan Fagge: To Malam mutum nawa ne cikin masu kallo suka san wani Ellison? In sai an yi tono kafin a gane ai ɓoyewa ce, yabon duk Anno ke kwashewa.

Malam Injiniya: Can Japan an fassara littafin da daɗewa, masu karatu sun san sunan, mu ne nan bai iso mana ba.

'Yar Damagaram: Ni dai Yaya ina bayanka a wani wajen. Bubblegum Crisis na 1987 ba wanda zai ce sun ɓoye, mawaƙiyar sunanta Priss ƙungiyarta kuma Replicants, sunayen daga fim ɗin Blade Runner suke ƙiri-ƙiri. Amma anime ɗin Gundam fa? Sulken yaƙin nan a littafin Heinlein yake, Starship Troopers na 1959, su suka zo 1979 suka gina kasuwar kayan wasa a kai har yau ana cin kuɗi, wannan ya wuce gaisuwa.

Maman Hanif: Ƙanwata na Heinlein kaya ne soja ke sakawa a jiki, Gundam kuwa mita 18 ne shiga cikinsa ake a tuƙa, kuma Amuro matuƙinsa yaro ne da yaƙi ya rutsa da shi yana kuka yana gudu, ina haɗin su? Sannan su Amurkawan da suka yi The Matrix a 1999 ba daga anime ɗin Ghost in the Shell na 1995 suka kwashi koren rubutu da jona waya a ƙeya ba?

'Yar Damagaram: Anti laifin wani ai ba ya wanke na wani.

Ɗan Fagge: Na Bebop na janye, yanzu na sake kallon wajen firjin. Na Gundam kam ina nan kan bakana. Malam wai labarin Ellison ɗin yana da tsawo ne, ko zan iya gama shi a dare ɗaya?