Makaranta sun ce in ɗauke ɗana mai galahanga, ya zan yi?

Maman_Sadiq

Salamu alaikum jama'a, dan Allah shawara nake nema don wallahi kaina ya ɗaure. Ɗana shekararsa 6, bara likita ya tabbatar mana yana da galahanga wato otizim, bayan mun sha yawo har gwajin kunne aka yi masa don da mun ɗauka kurma ne tunda in ka kira sunansa ba ya waigowa, amma fa a buɗe ledar biskit a kicin sai ka ganshi ya taho a guje. Maganarsa kaɗan ce, yawanci maimaita abin da ka faɗa yake yi, in na ce za ka sha ruwa sai shi ma ya ce za ka sha ruwa. Amma daga Nasi har Sabbi ya haddace daga jin waya kawai. To jiya hedimastan makarantarsu, ta kuɗi ce a nan unguwarmu a Kano, ya kira ni wai iyaye suna ƙorafi, in an kaɗa ƙararrawa ko ana asambili sai ya toshe kunne ya kwanta a ƙasa yana ihu, sannan ya ciji wani yaro da ya ƙwace masa murafun lemo da yake jerawa. Wai in nema masa makarantar irinsu. Surukata kuma cewa take a bar shi a gida a ci gaba da nema masa magani, babansa ya yi shiru. In cire shi ne ko in dage?

MalamNaFiramare

Wa alaikumussalam Hajiya, Allah ya ba ki ladan haƙuri. Ni malamin firamare ne na gwamnati kuma na taɓa riƙe yaro irin naki shekara 2, ba wani horo aka ba ni ba, da lalube na koya. Abin da na gane shi ne ihun nan ba rashin kunya ba ne, ƙarar ce take shigar masa kai kamar yadda ke za ki ji in an tada janareto a gefen kunnenki. Sai na mai da shi kusa da ƙofa, kafin a kaɗa ƙararrawa in je in taɓa masa benci in ce saura kaɗan, ya toshe kunnensa da kansa, asambili kuma ya tsaya can baya a gindin darbejiya. Na zana masa jadawali a bayan kwalin taliya, hoton allo, hoton kwano, hoton gida, in an gama ɗaya ya sa yatsa a na gaba. Wallahi ihun ya ragu sosai, don su sauyin ba zata shi ne babban abin da ke birkita su. Bulala kuwa ko kusa, ƙara dagula shi take yi.

Maganar makarantar irinsu, ki tambayi hedimastan wace ce. Makarantar Tudun Maliki ta Kano da kowa ke kawowa an fi saninta da kurame da makafi, shi kuma ɗanki yana ji yana gani. Kuma akwai dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya ta 2018 wadda Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce karatunsu kyauta ne har sakandare kuma makarantun gwamnati su karɓe su tare da kowa, a samu aƙalla mutum ɗaya mai horo a kansu, har hukumar kula da su aka kafa a 2020. A takarda kenan, a aji dai ni kaɗai ne da yara sun fi ƙarfin ƙirga, gara in faɗa miki gaskiya. Ki koma ki roƙi zango ɗaya na gwaji, ki zauna da malamar ajin ita kanta ba ofis ba.

Dan_Kurmi

Hajiya ki bi maganar manya, yawanci irin wannan shafar aljanu ce, a dage da ruƙiyya da hayaƙi. Kuma ni na ji ance allurar rigakafin nan ma tana jawo shi.

AntiNas

Haba Dan_Kurmi, ka ji ance, wa ya ce? Maganar rigakafin nan daga Ingila ta taso a 1998, wani likita Andrew Wakefield ya wallafa bincike a kan yara 12 kacal, daga baya aka gano akwai maguɗi a ciki, mujallar Lancet ta janye shi a 2010 shi kuma aka soke masa lasisi, an yi ta bincike a kan yara masu ɗimbin yawa ba a ga alaƙa ba. Kar ka sa wata ta hana ɗanta allurar ƙyanda mu kwana a asibiti muna kallonsa. Addu'a da tofi ba wanda ya hana, ni ma ina yi wa nawa, amma turara wa yaron da ƙamshin turare ma ke damunsa hayaƙi a rufe shi da bargo, ko a ɗaure shi ana duka wai a fitar da iska, wannan cutarwa ce.

Maman Sadiq ba ke kaɗai ba ce, ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana bayarwa a baya shi ne kusan yaro 1 cikin 100, kuma an fi gano shi a maza. Haka aka halicci ƙwaƙwalwarsa, ba laifin tarbiyyarki ba ne kuma ba wata ƙwaya da ke warkar da shi, duk mai tallan maganin gargajiya ko na kanti a Facebook da TikTok wai sati 2 yaro ya yi magana kuɗinki yake so. Abin da ke taimako shi ne masu koyar da magana da masu koya wa yaro hidimar kansa, ki tambaya a asibitin Malam Aminu Kano, 'yan Kaduna kuma akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa, Sakkwato akwai na Kware. Ki karɓi takarda daga likitansa ki kai makarantar, bakin likita ya fi naki nauyi a wajensu.

Yaya_Babba

Na karanta har na yi ƙwalla don ƙanina ne na gani. Shi yanzu shekararsa 19. Kuskuren da muka yi a gidanmu shi ne ɓoye shi, in baƙi sun zo a tura shi ɗaki, biki ba a zuwa da shi, har wata maƙwabciya ta taɓa ce wa mamanmu wai ɗan ruwa ne a kai shi bakin kogi, mama ta yi kwana uku ba ta ci abincin kirki ba. Da aka cire shi daga makaranta yana aji 2 ya shekara 4 a tsakar gida yana zagaye turmi, 'yar maganar da yake yi ma ta koma ciki. Wanda ya fito da shi kawunmu ne, Allah ya jiƙansa, kullum la'asar sai ya riƙo hannunsa zuwa masallaci su tsaya ƙarshen sahu kusa da ƙofa, ya ce wa liman ya faɗa wa mutane wannan yaron namu ne kar wanda ya tsawatar masa in ya yi motsi. Da farko ana kallo ana zunɗe, bayan wata biyu shi ke jera takalman mutane ƙafa da ƙafa kuma bai taɓa haɗa na wani da na wani ba, yaran da ke binsa suna gaula gaula su suka koma raka shi gida. Yanzu yana shagon tela yana guga da sa maɓalli, oga ya san ba a canza masa wurin zama kuma ba a kunna rediyo da ƙarfi. Har yau ba ya kallon mutum a ido kuma biki minti 20 ya ishe shi mu fito, shikenan.

Surukarki kuma kar ki ja da ita, tsoro ne da kunyar mutane ke damunta. Ki ba ta aiki, ki ce Hajiya ke ce za ki dinga sauraron haddarsa bayan magariba, in ta ji Sabbi daga bakinsa da kunnenta ita za ta fara kai labari gidan suna. Ki ja babansa ku je wajen likita tare, maza sun fi yarda in sun ji da kansu.

Maman_Sadiq

Na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci. Yau na je na samu malamar ajin, ashe ita ba ta ce a cire shi ba, tsoron cizon take ji, mun yi da ita murafunsa su zauna a aljihun jakarsa sai lokacin tara ya fito da su, hedimasta ya yarda da zango ɗaya in na kawo takardar likita. Hajiya dai ba ta ce komai ba tukuna. Malam dan Allah jadawalin nan hotuna nawa ka sa a ciki, kuma islamiyya ma in yi masa wani daban ko ɗaya ya isa?