Zakaran da Allah ya nufa da cara: maganin tsoro ne ko rarrashi?

Maman 'Yan Biyu, Sabon Gari:
Salama gare ku. Tun da aka tura maigidana aiki wajen Diffa barci ya ƙaurace mini. Waya ta yi ƙara da dare, sai gabana ya faɗi. Ran Lahadi bayan sujada surukata ta kama hannuna ta ce, "Zakaran da Allah ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi." Na ji sanyi a lokacin. Da na koma gida kuwa sai wata tambaya ta tsaya mini a wuya: in shi ba wannan zakaran ba ne fa? Manya, ku warware mini, mai bin Yesu zai iya jingina da wannan magana?

Ɗan Zango:
Yaya, ai a fili take. Muzuru na ƙasa, shaho na sama, ɗan tsako ba shi da makami, amma ya girma har ya yi cara. Duba Matiyu 10:29-31, inda Yesu ya ce ko ɗan tsuntsu ba ya faɗuwa ƙasa ba da sanin Uba ba, gashin kanmu ma a ƙidaye yake. Kakanninmu sun faɗa, Littafi ya tabbatar. Ki kwanta ki yi barcinki.

Malamar Lakwal:
Ƙanena, ka yi sauri. Ayar ba ta ce tsuntsun ba zai faɗi ba. Cewa ta yi ba zai faɗi Uba bai sani ba. Ka buɗe Ayyukan Manzanni sura 12. Hirudus ya sa aka kashe Yakubu ɗan'uwan Yahaya da takobi, ya kama Bitrus, mala'ika ya fito da Bitrus daga kurkuku da dare. Sarki ɗaya, gari ɗaya, manzanni biyu. Za ka ce Allah ya manta da Yakubu?
Sannan ka lura da inda Bahaushe ya fi yin wannan karin magana. Ga mahassada ake jefa ta, kuma galibi bayan abin ya riga ya tabbata: yaro ya ci jarabawa, ɗan kasuwa ya buɗe shago a Kasuwar Dole duk da masu yi masa zagon ƙasa. Bayan zakara ya yi cara kowa gwani ne. Ita kuwa 'yar'uwarmu a tsakiyar dare take tambaya.

Ɗan Zango:
To Malama, me za a ce mata? A bar ta da fargaba? Ni dai a ganina tsoro ƙarancin bangaskiya ne.

Baba Dattijo:
Ɗana, bari in sa baki, don na taɓa jin tsoron da ya hana ni haɗiyar miyau. Ran Juma'a 16 ga Janairu 2015, da zanga-zangar zanen jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta rikiɗe a nan Damagaram, aka ƙona majami'u da cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar, aka yi asarar rayuka. Washegari abin ya kai Yamai. Ina tsakar gida na hango hayaƙi, ƙafafuna suna rawa har takalmi ya gagare ni sawa. Maƙwabcina Musulmi ne ya ƙwanƙwasa ƙofar baya, ya shigar da iyalina ɗakin matarsa, ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ya zauna kamar ba abin da ke faruwa. Na yi addu'a a ranar, na kuma ɓuya, ban ga ɗaya ya hana ɗaya ba. Bulus ma a kwando aka zurara shi ta garun Dimashƙu. Yusufu ya ɗauki jariri Yesu da dare ya gudu Masar.
Abin da ya riƙe ni a watannin da suka biyo baya, lokacin da kowace Juma'a cikina ke ɗurar ruwa, shi ne Daniyel sura 3. Samarin nan uku sun ce wa Nebukadnezzar Allahnsu yana da ikon cetonsu daga tanderu, amma ko bai cece su ba, ba za su yi wa gunkin sujada ba. Wannan "ko bai" ɗin ne babu a karin maganar surukarki, 'yata. Ba ƙarya ta faɗa miki ba, rabi ta ba ki.

Mai Gareji:
Baba, tun da zancen zakara ake, akwai wanda ya yi cara a Matiyu 26. Bitrus ne ya bugi ƙirji cewa ko kowa ya gudu ban da shi, sai ga 'yar aiki ta sa ya yi musu. Yesu kuma a Getsamani bai ɓoye baƙin cikin ransa ba. Ɗan Zango, ka yi hattara da cewa mai tsoro ba shi da bangaskiya. Zabura 56:3 mai jin tsoro ne ya yi ta, yana cikin tsoron yake cewa zai dogara.

Ɗan Zango:
Na ji, Baba, na ji Yaya. Amma ban sauka gaba ɗaya ba. Tsohuwar nan ba wa'azi ta tsaya yi ba, hannun matar ɗanta ta kama. Ita ma ɗanta ne a can. Wa ya san ko kanta take rarrashi?

Inna Ungozoma:
Wannan kam gaskiyarka. 'Yata, ku tsayar da lokacin waya ke da maigidan, ko da gajeren saƙo ne da magariba, ki kuma rage bin hotunan da ake turawa a WhatsApp da dare. In rashin barcin ya ɗore, ko abinci ya fita ranki, ki je likita, ba zunubi ba ne. Kada kuma ki zauna ke kaɗai da yara, ki faɗa wa zumuntar mata a riƙa leƙo ki.

Maman 'Yan Biyu:
Na gode, iyayena. Ban taɓa tunanin ita ma ba ta barci ba. Gobe zan kai mata yaran mu kwana can. Baba, Daniyel 3 ɗin daga aya ta nawa zan fara karanta mata?

Baba Dattijo:
Daga ta 16 zuwa ta 18. Ki karanta a hankali, kunnenta ya yi nauyi.